Waya, sikana ko babbar na'ura: da wanne za ka auna ingancin hatsinka?

A kakar bara na tsaya a bakin wani sito ina kallon mutum biyu suna musu a kan tirelar shinkafa. Mai kaya ya rantse karyayyar da ke ciki ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba, mai saye ya kafe a kan ta kai 20. Wannan ya ɗebo a tafin hannu ya baza, wancan ma ya ɗebo nasa ya baza. Dillali yana tsakiya, sai faɗi yake, "Alhaji, a duba Allah, a sasanta." Tun hantsi ake abu ɗaya har aka kira la'asar, sannan aka raba bambancin biyu, kowa ya tafi yana ganin shi aka ƙwara. Na san su duka biyun, babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da suka rasa shi ne ma'aunin da dukansu za su yarda da shi.

Irin wannan rigimar ce ke sa masu injin casa a yankin Kura, da 'yan sari a Dawanau, da shugabannin ƙungiyoyin manoma suke ta tambaya a kan auna hatsi da hoto. Aikin a taƙaice shi ne: a baza ƙwayoyi a kan shimfiɗa mai launi ɗaya, a ɗauki hoto, manhaja ta ware kowace ƙwaya daga shimfiɗar, ta auna tsawonta da faɗinta da launinta, sannan ta ce wannan lafiyayya ce, wannan karyayya, wannan ta yi baƙi, wannan ba hatsi ba ce sam. Hanyoyin yin haka uku ne: wayar hannu, sikanar ofis da kwamfuta, ko na'urar da aka ƙera musamman don wannan aiki. Tazarar kuɗin da ke tsakaninsu mai girma ce, saboda haka ya kamata mutum ya san abin da yake nema kafin ya zura hannu a aljihu.

Tambayoyin da za ka yi wa kowace hanya

Ta farko, kuma wadda ta fi sauran nauyi a wurina: idan ka auna hatsi ɗaya sau uku, amsa ɗaya za ta ba ka? Ma'aunin da ke kuskure iri ɗaya kullum ana iya gyara shi da lissafi. Wanda yake faɗin abu ɗaya da safe, wani da yamma, shi ne ba ya raba gardama.

Ta biyu, ta san irin hatsinmu? Manhajar da aka koya wa alkama da sha'ir ba lalle ta gane kaura da farafara ba, balle gero da maiwa.

Ta uku, nawa za ta ci, ba ranar saye kaɗai ba, har da kuɗin lasisi, da data, da gyara, da albashin wanda zai zauna a gabanta.

Ta huɗu, za ta jure ƙurar hunturu, da zafin bazara, da wutar da ke zuwa ta ɗauke ta dawo da ƙarfi?

Ta biyar, yaron shagonka zai iya sarrafa ta bayan kwana biyu yana koyo, ko sai mai digiri?

Ta shida, wanda kake ciniki da shi zai yarda da sakamakonta? Idan bai yarda ba, ka auna wa kanka ne kawai.

Ido, hannu da haƙori

Kafin a je ga na'ura, a ba tsohuwar hanya haƙƙinta. Gogaggen mai awo yana zura hannu cikin buhu ya ji ko akwai ɗumi, ya shinshina ya ji ko ta fara hunhuna, ya ɗauki ƙwaya ya gartsa da haƙori. Idan ta ce ƙas, ta bushe. Idan ta lotse, da sauran ta. Babu kyamarar da ke jin wari ko ɗumi. Rauninsa guda ne: ido yana gajiya, hasken safe daban da na yamma, kuma zuciya tana karkata ga aljihun mai ita ko da bai yi niyya ba. Wanda ya duba buhu ɗari biyu tun safe, dubansa na buhu na ƙarshe ba irin na farko ba ne. Hoto ya shigo ne don ya toshe wannan ɓarakar, ba don ya kori mai awo ba.

Wayar hannu

Ita ce mafi araha, tunda tana aljihunka. Kamfanoni a Indiya da Ostireliya da wasu ƙasashe sun fitar da manhajojin da ke tantance hatsi daga hoton waya. Yawancinsu suna aika hoton ta intanet, ƙirƙirarriyar basira ta duba shi a can, ta dawo maka da sakamako, ka biya kuɗin wata ko na kowane gwaji. Kyamarar wayoyin yanzu tana da kaifin da ya isa ta ga tsagewar ƙwayar masara. Matsalar ba a kaifi take ba.

Waya an yi ta ne don hoto ya yi kyau, ba don ya faɗi gaskiyar launi ba. Da kanta take ƙara haske, ta gyara launi, ta goge abin da take gani tabo ne. Ka ɗauki shinkafa ɗaya a inuwar rumfa, ka sake ɗauka a rana, ka sake ɗauka da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, za ka ga kamar iri uku ne. Sannan nisan hannunka daga hatsin yana canzawa, wayar tana karkacewa, ƙwayoyin da ke gefen hoto suna fitowa da wata siffa dabam da na tsakiya. Idan kuma ka tura hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, ana matse shi, ƙananan alamomi su ɓace. Sai dai ka tura shi a matsayin fayil.

Ana iya rage duk wannan da kwali guda. Na ga wani matashi a wurin tara masara ya yi haka: ya huda saman kwalin taliya daidai girman kyamara, ya manna siririn fitilar LED a ciki ta zagaye, ya shimfiɗa shuɗiyar takarda marar sheƙi a ƙasa, ya ajiye guntun rula a gefe. Kullum waya ɗaya, nisa ɗaya, haske ɗaya. Wannan kwalin ya ƙara wa hotunansa daraja fiye da a ce ya sayi waya mai ninkin kuɗin tasa. Rular nan kuwa dole ce, don da ita manhaja take sanin milimita nawa ne a hoto. Wanda ba shi da rula yana iya amfani da tsohon kati mai girman katin banki, tunda tsawonsa sananne ne, milimita 85.6. Amma don Allah kada ka ajiye katin bankinka na gaske a hoton da za ka tura wa wani.

Ƙarko: gwargwadon ƙarkon wayar. Sauƙi: babu kamarta. Haɗari: manhajar da ba ta san hatsinka ba za ta ba ka lamba cikin ƙarfin gwiwa, kai kuma ka ɗauka gaskiya ce. Akwai kuma dogaro da sabis. A ƙauyen da ake sayen kaya ranar kasuwa, sau da yawa a nan ne sabis ɗin ke gagara. Ni inda nake ganin waya ta fi amfani shi ne hana cinikin biri a sama: wakilinka yana Giwa ko Saminaka, kai kana Kano, ya turo maka hoton samfuri a cikin kwali da rula, ka ga abin da za ka biya kuɗi a kai, kuma hoton ya zama shaida ranar da kaya suka iso.

Sikana da kwamfuta

A nan zan daɗe, domin ita ce hanyar da mutane suka fi rainawa, kuma ita ce nake ganin ta fi dacewa da mafi yawanmu.

Sikanar ofis, irin wadda ake kwafar takardu da ita, ta warware manyan matsalolin waya guda biyu tun daga ƙira. Haskenta nata ne, ba ruwanta da rana ko inuwa. Nisan ƙwaya daga idonta kuma ba ya canzawa, tunda a kan gilashi take kwance. Don haka girman da ta auna yau shi za ta auna gobe. Idan ka saita ta a ɗigo 300 a kowane inci, kowane ɗigo ya kama kusan milimita 0.085 ke nan. Ƙwayar shinkafa mai tsawon milimita 6.6, wanda shi ne mafarin doguwar shinkafa a ɗaya daga cikin ma'aunan Codex, hukumar da ke tsara ƙa'idojin ingancin abinci na duniya, za ta ci ɗigo kusan 78. Wannan ya isa a raba doguwa da matsakaiciya, a kuma raba cikakkiya da karyayya. Ga ƙananan ƙwayoyi irin gero da riɗi, sai a ɗaga zuwa 600.

Sikana iri biyu ce, kuma nan ne mai saye yake yin kuskure. Akwai siririya marar nauyi mai ido irin CIS, wadda ke shan wuta daga kwamfuta ta igiyar USB. Tana da araha, sau da yawa ba ta wuce dala 100 ba. Sai dai ba ta ganin abin da ya ɗaga daga gilashi ko da kaɗan, saboda haka gefen ƙwayar masara ko wake yana fitowa dishi-dishi. Akwai kuma mai kauri mai ido irin CCD, kamar Epson Perfection V600, wadda ke ganin abu mai tudu sosai. Kuɗinta 'yan ɗaruruwan daloli ne, kuma tana buƙatar wutarta dabam. Idan shinkafa da riɗi kaɗai kake yi, siririyar za ta iya fid da kai. Idan akwai masara da wake da waken suya, ka daure ka sayi mai kaurin.

Manhaja kuwa akwai ta kyauta. ImageJ, wadda Wayne Rasband ya rubuta a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, tana hannun jama'a tun 1997, kuma tana ƙirga abubuwa a hoto ta auna kowanne. Masu bincike a Japan sun fitar da SmartGrain a 2012 don auna siffar ƙwayar shinkafa, hukumar bincike ta CSIRO a Ostireliya kuma ta fitar da GrainScan a 2014 don girman ƙwaya da launinta. Duka an yi su ne don masu bincike, ba don 'yan kasuwa ba. Ma'ana, za su ba ka jerin tsawo da faɗi na ƙwaya ɗari biyar, amma ba za su ce maka "wannan lamba ɗaya ce" ba. Kai ne za ka sa a tsara maka takardar lissafi da za ta juya jerin nan zuwa kashi-kashi. Ƙa'idar a bayyane take: a ma'aunin Codex, ƙwayar da ta kai kashi uku cikin huɗu na matsakaicin tsawon cikakkiyar ƙwaya ana lissafa ta da lafiyayya, abin da ya gaza haka karyayye ne. Ɗalibin aikin gona ko na kwamfuta mai himma zai iya haɗa wannan, daga nan kuma sai dai a riƙa danna maɓalli.

Yanzu ga wani abu da ya sa na tuna Alhazan nan biyu. Hoto ƙirga yake yi, kasuwa kuma da nauyi take ciniki. Ɗauki ƙwaya 100, 80 cikakku, 20 rabi-rabi. A ƙirge, karyayya kashi 20 ce. A sikeli kuwa, rabi ashirin nauyin cikakku goma ne, goma cikin casa'in, wato kashi 11 da ɗan ɗoriya. Ka ga shinkafa ɗaya ta ba da 20 ta ba da 11, kuma duka daidai ne. Tun da na yi wannan lissafin nake zargin cewa mai sayen nan adadin gutsattsarin da ke tafinsa yake gani, mai kaya kuma nauyinsu yake kintata. Duk na'urar da za ka saya, ka tambaya: sakamakon nan na ƙirge ne ko na nauyi? Idan kuma ta ce na nauyi ne, to daga faɗin ƙwaya a hoto ta kintato shi, saboda haka sai ka tsince samfuri goma da hannu, ka auna a ƙaramin sikeli, ka gwada da abin da ta faɗa.

Wahalhalunta na yau da kullum ƙanana ne amma suna da naci. Ƙwaya biyu idan suka manne, manhaja tana ɗaukar su ƙwaya ɗaya doguwa. Dole a baza da haƙuri, ko a sami faranti mai ramuka da zai raba su. Farar shinkafa ba ta fitowa a kan farin murfi, sai an rufa mata baƙin ƙyalle ko shuɗi. Yashi da tsakuwa suna karce gilashi, kuma karcen ba ya gogewa. Ka sa a yanko maka siririn gilashi ka ɗora a kai, in ya lalace ka canza. A hunturu kuwa sai an goge kafin kowane gwaji, in ba haka ba ƙura ma za a ƙirga ta cikin datti. Gefe ɗaya na ƙwaya take gani, tabon da ya kalli sama ya tsere mata. Gwaji guda, daga bazawa zuwa sakamako, yana cin 'yan mintoci. Wanda ke karɓar mota hamsin a wuni zai ga ta yi masa jinkiri.

Ta fuskar ƙarko, idan tana ɗaki mai rufi, an haɗa ta da na'urar daidaita wuta, ana lulluɓe ta bayan aiki, tana shekaru. Idan ta mutu kuma, sayen wata bai kai a yi kuka ba.

Na'urar da aka ƙera don wannan aiki

Waɗannan su ne na manyan kamfanoni. FOSS na ƙasar Denmak yana da EyeFoss, wadda aka gina don alkama da sha'ir, ake kuma aiki da ita a wuraren karɓar hatsi a Ostireliya. Cgrain na Suwidin yana da wadda ke tura ƙwaya ɗaya bayan ɗaya cikin wani kwarin madubi, ta yadda kyamara ke ganin kusan duk jikin ƙwayar a lokaci guda. Wannan ya magance matsalar gefe ɗaya da sikana ke da ita. Satake da Kett na Japan suna da na'urorin tantance ƙwayar shinkafa. ZoomAgri na Ajantina ya yi suna wajen gane irin sha'ir daga hoto don masu sarrafa shi.

Zuba samfuri kake yi, ka danna, ta raba ƙwayoyin da kanta, ta ba ka takarda. Hannun ma'aikaci ya ragu a cikin aikin, kuma wannan shi ne babban abin da kake saye: daidaito, sauri, da sakamakon da baƙon mai saye zai girmama. Kuɗinsu ba a rubuce yake a kanti ba, sai ka nemi kamfani ya yanka maka, amma maganar dubban daloli ake yi, manyan cikinsu dubu goma-goma. A kan haka ka ɗora kuɗin shigowa da ita, da na kula da ita duk shekara, da ɗaki mai sanyi marar ƙura, da wuta tsayayya.

Haɗarinta biyu ne, kuma duka masu tsada. Na farko, abin da aka koya mata. Dubi jerin nan da kyau: alkama, sha'ir, shinkafar Japan wadda gajera ce dunƙulalliya. Mu kuwa abin da ke cika sitocinmu masara ce da dawa da gero da wake da riɗi da doguwar shinkafa irin FARO 44, yawancinta ma turararriya. Shinkafar da aka turara launinta yana komawa ruwan zuma, kuma na'urar da aka saita da farar shinkafa tana iya ɗaukar wannan launin a matsayin lalacewa. Kada ka yarda da hoton talla. Ka aika musu da samfurinka, wanda ka riga ka tsince da hannu ka san abin da ke ciki, mai kyau da marar kyau, su gwada su turo maka sakamako. Na biyu, gyara. Na san wani kamfani da ya sayi na'urar awo mai tsada, wani ƙaramin abu ya ƙone a cikinta ana tsakiyar kaka, ta zauna a lulluɓe har aka gama sayen shekarar ana jiran injiniya daga waje. Kafin ka tambayi farashi, tambayi inda mai gyara yake zaune da kwana nawa zai ɗauka ya iso.

Kada a haɗa waɗannan da injin tsince launi, irin Sortex na kamfanin Bühler ko waɗanda ake kawowa daga birnin Hefei na ƙasar Sin. Shi ma da kyamara yake aiki, amma aikinsa ya hure baƙar ƙwaya daga cikin kaya da iska, ba ya ba ka rahoton inganci. Gyara yake yi, ba awo ba.

Abin da duk cikinsu babu mai gani

Wannan sashen ya fi duk na baya muhimmanci, don a nan ne dukiya take salwanta, wani lokaci har da rai.

Danshi ba ya fitowa a hoto. Iyakar da Codex ta sa ita ce kashi 15 cikin 100 ga shinkafa, 15.5 ga masara, 14.5 ga dawa, 13 ga gero, kuma wanda zai ajiye kaya watanni a ƙasa mai zafi gara ya sauka ƙasa da haka. Masara mai danshi 18 tana iya fin busasshiya kyau a ido. Wannan aikin na'urar auna danshi ne, ƙarama ta hannu. Har a Gana ana haɗa wata mai suna GrainMate. Furotin da mai kuma aikin na'urar hasken infirared ne, irin Infratec, wadda ita ma tsadarta ta kai ta manyan na'urorin hoto.

Gubar afulatoksin, wadda hunhunar Aspergillus ke haifarwa a masara da gyaɗa, ba ta da launi. Hoto zai nuna maka ƙwayar da ta yi hunhuna a fili, amma ƙwaya tana iya zama tas a ido tana ɗauke da guba. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Amurka ta sa iyakar gubar a kashi 20 cikin biliyan, Tarayyar Turai kuma 4 ga yawancin hatsin da za a ci kai tsaye. Abin da ake aunawa da kashi cikin biliyan, sai gwajin sinadari: ko tsinken gwaji na gaggawa, ko ɗakin bincike.

Haka maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos, wanda ke cikin irin maganin da muke kira fiya-fiya. Waken da aka yi wa wannan aika-aika shi ne ma ya fi kyau a hoto, tunda babu huda ko ɗaya a jikinsa. Manhaja za ta ba shi lamba ɗaya.

Ƙwaron masara yana huda ƙwaya ya saka ƙwai ya toshe ramin, tsutsar ta girma a ciki. Kyamara ba ta gani sai ranar da ya fito. Shanshera kuma ɓawo ya rufe ta. Idan an shanya ta a rana mai tsanani ko ta sake jiƙa bayan ta bushe, ƙwayar tana tsagewa a ciki, sai ta shiga inji ta ruguje. Hoton shanshera zai nuna maka tsakuwa da ƙaiƙayi da gaurayen iri, amma ba zai gaya maka abin da za ka samu ba. Buntu kaɗai yana cin kusan kashi 20 na nauyinta, dusa kusan 10, abin da ya saura kusan 70 idan komai ya tafi daidai; nawa ne cikakke a cikin saba'in ɗin nan, shi ne ribarka ko asararka. Don haka mai sayen shanshera yana buƙatar ƙaramin injin casa na gwaji: a casa 'yar kaɗan, sannan a ɗora a sikana.

Sai maganar samfuri. Ƙwayar shinkafa 500 ba ta wuce kusan giram 10 ba. Tirela mai tan 30 giram miliyan 30 ce. Wato da kashi ɗaya cikin miliyan uku za ka yanke wa mota hukunci. Idan daga bakin buhun da mai kaya ya nuna maka ka ɗiba, na'urar dala dubu hamsin ma ƙarya za ta yi maka, domin mai algus ya san inda yake zuba mai kyau. A soki buhuna da yawa da ƙarfen ɗibar samfuri, sama da tsakiya da ƙasa, gaban mota da bayanta, a gauraya, a raba huɗu a ɗauki biyu masu kallon juna, a sake, har ya ragu. Ko an yi haka ma, lissafi ya nuna idan ainihin karyayya kashi 10 ce a ƙirge, samfurin ƙwaya 500 zai iya ba ka 8 yanzu, ya ba ka 12 an jima. Ka ninka ƙwayoyin sau huɗu, wannan lilon ya ragu da rabi. Shi ya sa nake cewa a ɗora sau uku ko huɗu a haɗa, kada a yi hukunci da hoto guda.

Ga su a jere

| Ma'auni | Waya da kwali | Sikana da kwamfuta | Na'ura ta musamman |
|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | Kaɗan ƙwarai | Daga kusan dala 100 zuwa 'yan ɗaruruwa, ban da kwamfuta | Dubban daloli zuwa dubu goma-goma |
| Kuɗin ci gaba | Data da kuɗin manhaja | Wuta da mai aiki | Lasisi, gyara, ɗaki mai sanyi |
| Maimaita amsa ɗaya | Rauni, sai da kwali da rula | Mai kyau | Mafi kyau |
| Auna launi | Ba abin dogaro ba | Mai kyau | Mai kyau ƙwarai |
| Sanin hatsinmu | Ya danganta da manhaja | Kai ke saita ta | Sai an gwada da samfurinka |
| Sauƙin aiki | Mai sauƙi | Wuya a farko, sauƙi daga baya | Mai sauƙi |
| Jure ƙura da wuta | Tana jurewa | Sai da kulawa | Sai ɗaki na musamman |
| Idan ta lalace | A canza waya | A sayi wata | A jira injiniya |
| Danshi, guba, maganin ƙwari | Ba ta gani | Ba ta gani | Ba ta gani da hoto kaɗai |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Manomi ko ƙaramin ɗan sari mai buhu goma zuwa hamsin: kada ka sayi komai na hoto tukuna. Idan da kuɗi a hannu, na'urar auna danshi da rariya mai kyau za su fi yi maka amfani. Wayarka ta isa ka ajiye shaidar kayanka kafin su bar hannunka.

Mai wakilai a kasuwannin ƙauye: kwali, fitila da rula ga kowane wakili, waya iri ɗaya in da hali, da na'urar danshi a jakar kowa. Ka ɗauki hoton a matsayin shaida da tacewar farko, farashin ƙarshe kuma sai kaya sun iso an sake dubawa.

Ƙungiyar manoma, mai sito, ko matsakaicin injin casa: sikana mai ido irin CCD, kwamfuta ko da ta hannu ce, ƙaramin sikeli mai auna giram, na'urar danshi, da injin casa na gwaji idan shanshera kuke saye. Ku ɗauki matashi ɗaya ku koya masa, ku rubuta ƙa'idar a manna a bango inda mai kawo kaya zai karanta, a kuma yi gwajin a gabansa yana kallon ƙwayoyinsa a allo. A irin wannan wurin na ga musu ya mutu cikin minti goma.

Mai samar da iri ko mai bincike: sikana a ɗigo 600 da ImageJ ko SmartGrain sun wadatar wajen girma da siffa da gano gaurayen iri. Tsiro kuwa sai an shuka an ƙirga.

Mai fitar da riɗi, wake ko waken suya waje: sikana za ta taimaka wajen tsafta da launi, amma kason farko na kuɗinka ya tafi ga gwajin guba da na maganin ƙwari a ɗakin binciken da mai sayenka ya amince da shi, tunda a kan waɗannan ake dawo da kaya daga tashar jirgin ruwa.

Babban kamfanin da ke karɓar motoci da dama kowace rana, inda kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a farashi ya fi kuɗin na'urar a shekara: kai ne na'ura ta musamman ta dace da kai. Sharuɗɗa uku kafin ka sa hannu: su gwada ta da hatsinka ka ga sakamako, su rubuta maka kwanakin da mai gyara zai iso, sannan ka ajiye sikana da mai tsincewa da hannu a gefe don ranar da za ta tsaya ana tsakiyar kaka.